Sandar Da Na Zaɓo Maka A Inugu

Daga Bakin Gada, Anacha, zuwa ga ɗana Shehu a Rumuokoro ta Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka na jirgi. Mu nan lafiya lau, sai ciwon ƙafar nan da ka sani. Albasa ta yi tsada, ruwan kogi kuma ya fara ja da baya.

Kada ka yi mamakin rubutun. Hannuna ne, ba na mai rubuta wasiƙa na bakin masallaci ba. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya bayan la'asar. Idan ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, fensir ya zo ya tarar da hannu ya riga ya saba da mudu. Malamarmu ta ce kowacce ta rubuta wasiƙa a karanta a gaban aji. Sauran mata sun rubuta wa danginsu na Kano da Zariya suna tambayar lafiya. Ni na ce wannan zan rubuta, kuma na yarda kowa ya ji, domin abin da na yi a ɓoye na yi shi, amma a bainar jama'a wani ya ɗauki laifinsa.

Maganar sandar kamun kifinka ce.

Ka tuna shekarar da muka komo bayan yaƙi. Gada a karye, kowa sai ta ruwa. Ni da kai muka riga muka haye. Mahaifinka ya tsaya ya biyo mu da buhunan albasa a kwalekwale, muna tsaye a gaɓa muna kallo har aka zo tsakiya. Ba sai na rubuta sauran ba, kana wurin. Daga ranar ban sake kallon Kwara da idona ba. Rumfata tana kusa da ruwa, amma na juya bencina baya ga kogi. Mata suna yi mini tsiya, wai ni kaɗai ce mai sayar da kaya tana fuskantar bango.

Kai kuwa sai ka samu aikin wanke injuna wurin masu gyaran gada. A nan ka haɗu da Baturen nan mai jan wuya, wanda yake tsayawa a ruwa ranar Lahadi yana wurga igiya. Ka dawo gida bakinka bai rufu ba. Ka ce sandar ta fi mutum biyu tsawo amma ba ta kai nauyin muciya ba. Ka ce da hannu biyu ake riƙe ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ka ce ba ya sa tana ko dalma, sai ƙugiya da aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta zama kamar ƙuda, kifi ya gani ya yi tsalle. Ina jin ka ambaci ruwa na tashi na shiga madafa. Kullum haka nake yi maka. Ka fara magana, in tashi.

Har zakaran gidan maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa bai tsira ba. Ka bi shi ka fige masa gashin wuya kana koyon ɗaure ƙuda. Ta zo har ƙofa tana cewa in ja wa ɗana kunne, zakaranta ya koma kamar angulu. Ranar na yi dariya, na kuwa daɗe ban yi ba.

Da aikin gada ya ƙare, Baturen ya tafi da tasa. Ka ji labari akwai wani kanti a Inugu da ke sayen kayan Turawa masu komawa gida, kuma an ga irin sandar a can. Lokacin ka koma garejin gyaran injin jirgi, ba a ba ka hutu. Ni kuma zan kai kaya unguwar Abakpa ta Inugu wurin ƙanwata. Ka ba ni abin da ka tara, ka ba ni takarda a ninke, ka ce, "Inna, ki ba mai kantin ya karanta miki duka. Duka, Inna."

Mai kantin wani Ibo ne da ake kira Ɗan Jos, can aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu na nan. Ya ba ni kujera, ya tambayi mutanen Anacha, sannan ya buɗe takardar. Ya karanta na sama, wanda ka rubuta da Turanci, ya ce ɗana ya san abin da yake so. Ya shiga ciki ya fito da sanda biyu.

Ta farko gaɓa uku ce, ya haɗa ta a gabana. Ya ɗora mini a tafin hannu, na ji kamar karan dawa. Ya girgiza ta, ta lanƙwasa har tsakiya ta miƙe. Ya ce wannan ce aka rubuta. Ya ce mai koyo mara nauyi yake bukata, wadda ba ta da tauri, domin zai yini yana wurgawa, kuma sandar ce za ta koya wa hannunsa. Ya nuna mini wata lamba kusa da mariƙi, ya ce dole ta zo daidai da lambar igiya, ga igiyar ma Baturen da ya sayar masa da ita ya bari a nannaɗe.

Ta biyu gajera ce, kakkaura, mai nauyi kamar taɓarya. Ya ce wannan ta teku ce, ta masu zama a jirgi su saki dalma cikin zurfi. Ya ce ya fito da ita ne kawai in ga bambanci.

Shehu, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina riƙe da mai nauyin nan sai zuciyata ta ce mini, idan na kai masa wannan, zai gwada ƙudansa ya ƙi tashi, kafaɗarsa ta gaji, sati biyu ya jingine ta a bayan ƙofa ya manta da kogi. Na ce wa Ɗan Jos ita nake so. Na ce ni 'yar kasuwa ce, kaya mai nauyi shi ne mai ƙarko, ba zan kai wa ɗana kara ba. Ya yi ta yi mini bayani. Har ya ce, "Hajiya, wannan ba tukunya ba ce." Na ce ya naɗe mini.

Yana naɗewa ya sake duba takardar. Ya ce akwai layi huɗu a ƙasa da Hausa, kuma da ni ake magana, ko ya karanta? Na ce ya bari, mota za ta tashi. Ba motar da za ta tashi. Tsoro nake kada in ji abin da zai karya mini niyya. Na karɓe takardar na cusa a lalita.

Da na dawo ka kwance ƙunshin. Na ga fuskarka. Ka juya sandar, ka auna ta a hannu. Ka tambaye ni ko an karanta mini takardar duka. Na ce an karanta, kuma wannan mai kantin ya ba ni. Ka ce, "Ba laifinki ba ne, Inna. Ya ga ba ki iya karatu ba ne ya cuce ki." Na bar ka a haka. Rashin karatuna ya zama mini mayafi, na shige ciki na zauna.

Ba ka jingine ta a bayan ƙofa ba. Ka gwada a gaɓa, ƙudan yana faɗuwa a gaban ƙafarka, masunta suna dariya suna kiranka Baturen Bakin Gada. Da ka ga sandar zurfi take so, sai ka bi ta zurfin. Ka roƙi Nufawa masunta suka riƙa ɗaukarka a kwalekwale zuwa tsakiyar Kwara, daidai inda na fi tsoro a duniya. Na yi faɗa, na yi kuka, ka ce sandar da Inna ta sayo ba za ta zauna a ɗaki ba.

Sai ranar nan da azahar, da babban jirgin kaya ya wuce igiyar ruwansa ta kifar da ku. Aka kawo ka jiƙe sharkaf, kafaɗar dama ta goce, hannun hagu kuma yana riƙe da sandar. Nufawan suka ce sun yi ta ihu ka sake ta ka kama kwalekwale, ka ƙi. Mai ɗori yana jan hannunka kana cije leɓe, ni ina riƙe da kanka. Ranar ma na samu dama in faɗa, ban faɗa ba.

Daga nan ka saba da jirgi. Da kuɗin man fetur suka buɗe, kamfanoni suna neman wanda ya san inji kuma ba ya tsoron ruwa, suka ɗauke ka zuwa Fatakwal. Yanzu sati uku kake yi a kan ruwa kafin ka taka ƙasa, ni kuma sai Sallah nake ganinka. Matarka ta ce mini idan damina ta yi, ba ka iya ɗaga hannun nan ka sa riga sai ta taimaka. Na so in raba ka da kogi, na tura ka teku da hannuna.

Kuma ban manta ranar bikin 'yar ƙanwata a Abakpa ba. Ɗan Jos ya zo yi mana murna, ya miƙo maka hannu, ka ƙi karɓa. A gaban mutane ka ce ba ka gaisawa da mai cutar tsofaffin mata. Ya dube ni. Jira yake in yi magana. Na sunkuya ina gyara ɗankwali. Ya sa takalminsa ya tafi.

Watan jiya ina neman katin asibiti a cikin adaka, sai ga takardarka a ƙarƙashin zannuwa, ta yi ja, ninkin ya kusa yagewa. Na wuce Turancin. Na sa yatsa a layi huɗun nan, ina haɗa baƙi da baƙi kamar yadda aka koya mana. Ban kira kowa ba. Ga abin da ka rubuta, na kwafe shi yadda yake:

"Inna, na san kina tsoro. Shi ya sa nake son wannan doguwar mara nauyi. Da ita daga gaɓa zan wurga ya kai nesa, ruwa ba zai wuce gwiwata ba, ba zan taɓa shiga kwalekwale ba. Idan kin yarda, ki zo ki zauna a kan yashi ki gani da idonki."

Na karanta sau uku, ko na yi kuskure. Ban yi ba. Ashe tun farko tsorona ka duba ka yi zaɓinka. Ka rubuta ne domin ka san idan ka buɗe baki zan tashi in shiga madafa.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Inugu. Ɗan Jos ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari, amma ya gane muryata. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce in tashi, shi ma uwa ce ta haife shi, kuma tun ranar ya gane abin da nake yi. Ya ce abin da ya dame shi ba zagin ba ne, layi huɗun nan ne, domin shi idonsa ya riga ya bi ta kansu, ya yi shekaru yana cewa da ya karanta da ƙarfi ko na ƙi.

Sandar nan ta farko an sayar tun tuni. Amma yanzu Turawan mai suna zuwa suna tafiya, kayansu sun cika kantin. Ya fito da guda huɗu. Wannan karon ban bar shi ya karanta mini ba. Na shimfiɗa takardarka a kan tebur, na nemi lambar da ka rubuta, na bi sandunan ɗaya bayan ɗaya har na same ta kusa da mariƙi. Na duba ta igiya, ta zo daidai. Biyu ne suka dace. Na riƙe kowacce da hannu biyu yadda ka taɓa kwatanta mini da muciya, na girgiza. Ɗaya ta yi tauri. Na ɗauki wadda ta fi laushi da rashin nauyi, saboda kafaɗarka. Ɗan Jos ya ce da ɗana ne ya zo da kansa, ita zai ɗauka.

Ita ce a cikin doguwar jakar da direban motar albasa zai ba ka tare da wannan wasiƙa a tashar Rumuokoro. Na ce masa kada ya ɗora mata buhu. A ƙaramin aljihun jakar akwai gashin zakara. Wannan da izinin Hajiya Tabawa aka fige, ta ce a gaishe da ɓarawon gashi.

Abu biyu nake roƙo. Idan ka samu hutu ka bi ta Inugu ka miƙa wa mutumin nan hannu a gaban mutane, kamar yadda ka ƙi shi a gaban mutane. Na biyu kuwa ba zan matsa maka ba. Na yi maka ƙarya, na bar ka da ita shekara da shekaru, kafaɗarka ta biya. Idan ka ga za ka yafe, ka yafe. Idan sai ka ɗau lokaci, zan jira, ba zan aiko kowa ya yi maka magana ba.

Jiya da hantsi na juya bencina. Daga nan na sauka ƙasan gada, na taka yashi har inda ya fara laima. Na zauna. Akwai wani wuri kusa da inda mata ke wanki, ruwan ba zurfi, ana ganin ƙasa, na ga ƙananan karfasa suna wucewa. Na zauna har aka kira azahar. Ka yi mini tambaya a takarda, ban amsa ba sai yau. Na yarda, Shehu. Ka zo da sandar, zan zauna a kan yashi in gani.

Allah ya tsare ka a kan ruwa da kan tudu. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon kafaɗa, ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa Ɗan Jos da alheri. Allah ya ba ka 'ya'ya masu yi maka irin abin da ka yi mini, ya kuma ba ka kunnen da za ka saurare su har su gama magana. Amin.

Ni ce mahaifiyarka, da hannuna,
Inna.