Shuɗin Layi a Kan Motar Mijina

Anti Verna, don Allah ki taimake ni. Kaina ya kulle, kuma ba wanda zan iya faɗa wa maganar nan a garinmu.

A gonar aladu na tashi, nan jihar Iowa ta Amurka. A gidanmu alade ba zagi ba ne. 'Yar aladena Baba yake ce mini in ya ɗora ni a wuya, asusuna na farko ma siffar alade gare shi. In ka cika ci a kira ka alade, a yi dariya, shi ke nan. Sai da na auri Curtis, ɗan sanda, na san akwai masu faɗin kalmar da ƙiyayya, don da ita ake zagin 'yan sanda a ƙasar nan. Shekara goma sha ɗaya ana jifansa da ita a titi, ko a jikinsa.

Ran Litinin da safe muka tarar an rubuta kalmar a ƙofar motarsa. Ya yi tsaki, ya ce aikin 'yan zaman banza ne, ya ɗauko tsumma. Shi ɗan birni ne, rubutun kawai ya gani. Ni kuwa abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne wani shuɗin layi da aka fesa a rufin motar, daga gaba har baya. Anti, haka muke yi wa aladen da ya isa yanka. A fesa masa shuɗi a gadon baya ran Litinin, ran Juma'a motar mayanka ta zo ta ɗauke shi. Maƙwabtanmu ja ko kore suke sawa. Shuɗi namu ne tun zamanin kakanmu, kuma yayana Darrel ne kaɗai ya rage a gonar.

Watan jiya matar Darrel ta gaji da duka, ta nemi 'yan sanda su raka ta ta kwashe kayanta da yaranta biyu. Curtis aka tura. Tun ranar Darrel bai ƙara taka coci ba. Jiya na je gonar, na same shi a baranda yana goge bindigar Baba, alhali lokacin farauta bai yi ba. Bai ko ɗago ya dube ni ba, ya tambaye ni ko har yanzu Curtis shi kaɗai yake sintiri a hanyar rafi.

Darrel ne ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. In na yi magana za a kama shi, ya rasa yaransa, gonar ta mutu. Wataƙila ma giya ce take magana. Amma wallahi tsoro nake ji. Yau Laraba. Yaya zan yi?

'Yar Mai Gona

'Yata,

Na aiko miki da amsar nan tun kafin a buga ta a jarida, domin maganarki ba ta jira.

Ki faɗa wa mijinki yau. Ki bayyana masa ma'anar shuɗin nan yadda kika bayyana mini, ki haɗa da bindigar da tambayar hanyar rafi. Shi ma kada ya ce zai je wurin Darrel su yi ta maza, ya kai wa shugabansa, a canja masa wurin aiki, a tura wasu wurin Darrel. A sanar da matar Darrel, don ita da yaran ma suna cikin haɗari. Ke kuma kada ki sake zuwa gonar ke kaɗai.

Na san alherin da yayanki ya yi miki, ban raina shi ba. Zai yiwu barazana ce kawai. In haka ne, abin da za ki rasa shi ne gaisuwarsa ta wasu shekaru, kuma ana iya nema masa taimako a kan giyar da zafin zuciyar. In ba haka ba ne fa? Shirunki zai raba ki da su biyun a rana ɗaya.

Ki lura da abu guda. Darrel ya san a gidanki ke kaɗai ce za ki gane layin nan. Wa ya sani ko don ki tare shi ya ja layin?

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa Asabar ta same ku duka ukun da rai.

Anti Verna