Waken Hajiya Tabawa Ya Yi Ƙwari

Assalamu alaikum Yaya Bilki,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara. Ya zaman baƙunta? Mu nan Yakasai lafiya lau, Inna ma jiki ya yi sauƙi.

Labarin maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa zan ba ki. Ana jibi za a sa dokar kulle saboda korona, gari ya ruɗe da sayayya, ita kuwa ta sa aka jibge mata buhunan wake har bakin zaure. Da azumi Inna ta kwanta, ba abin da take iya ci sai alale, kasuwa kuma a rufe. Na ɗauki kwano da kaina na roƙe ta tiya ɗaya. Tana tsaye a gaban buhunan ta ce wallahi ba ta da ko ƙwaya. Matar da Inna ta yi wa wankan jego har sau uku!

To, waken nan ya yi ƙwari, har bango suke bi. Kin san tsakar gidanta ko tabarma biyu ba ya ɗauka. Jiya sai ga ta da murmushi, wai in ara mata saman soronmu ta yi shanya. Na tsaya a gindin matakala, na dube ta ido cikin ido, na ce wallahi ba mu da soro.

Inna ta ce in yafe. Zan yafe, amma sai ƙwarin sun gama cin rabonsu.

Ki sa Inna a addu'a. Ki gaida Alhaji da su Ummi.

Ƙanwarki,
Sadiya