Ƙafafun Baya na Dokin Tarlinga

Tarlinga, 3 ga Satumba

Yaya Warwick,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Auntie Bev kuna lafiya. Tunda ba ka ɗaukar waya sai ka ga dama, na koma takarda.

Gara ta cinye katakon dandamalin zauren wasanmu. Ranar Talata ƙafar mai gidan burodi ta burma har gwiwa yana tsakiyar rantsuwar soyayya a gwajin wasa. Mun yi dariya, amma hukumar gari ba ta yi ba. Sun ce in ba a gyara kafin Nuwamba ba, za su sa kwaɗo.

Ka san kakanninmu ne suka ɗora zauren nan da hannunsu a 1934, suna jigilar dutse bayan sun taso daga gona. Tun daga lokacin ba a taɓa tsallake wasan Kirsimeti ba, ko a shekarun yaƙi da maza suka tafi, mata suka riƙa manna gashin baki. Muna da hannaye, kafinta ne ba mu da shi. Kai ne kafintan da na sani. Ka zo, ko na mako biyu ne.

Taka ƙanwa,
Glenys

Adelaide, 11 ga Satumba

Glenys,

Na samu takardarki, muna lafiya. Zan ba ki lambar wani da ya iya aiki. Ni kam ba zan taka zauren nan ba.

Ke kina da shekara tara lokacin, ba ki gane ba. Ni ina da sha shida. Fari ya kashe tumakinmu, gona ta fita hannunmu, Baba ya koma ba ya ko ɗaga kai a coci. Sai me mutanen gari suka yi masa? Suka cusa shi cikin rigar doki, shi ne ƙafafun baya, yana duƙe yana riƙe da ƙugun Len Pengilly, zaure cike ana ƙyaƙyata masa dariya. Mutumin da ya yi kiwon tumaki dubu biyu! Na fita ana tsakiyar tafi, ban sake komawa ba.

Gara ta ci ta ƙoshi. Ki gaida yara.

Warwick

Gidan Tsofaffi, Tarlinga, 20 ga Satumba

Kai ɗan Harold,

Len Pengilly ne. Ina gaishe ka, in kana karɓar gaisuwar kan doki. Hannuna na rawa, ƙanwarka ce ke rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana. Ta karanta mini takardarka. Shekarata tamanin da biyar, babanka ya rasu, mamarka ta rasu, saura ni kaɗai cikin waɗanda suka sani, don haka buɗe kunne.

Wata Laraba da rana, a shekarar farin, na je mayar wa babanka da abin ɗaurin wayar shinge. Na same shi a rumfar askin tumaki, zaune a kan buhu, bindiga a kan cinyarsa. Babu tunkiya ko ɗaya da ta rage da zai harba. Ka gane ko sai na ƙara?

Ni ba mai iya magana ba ne. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Harold, dokina ba shi da gindi. Tashi mu je.”

Ya ce, “Ka haukace ne, Len?”

Na ce, “Malama Opie na jira, kuma ka san bakinta.”

Na ɗauki bindigar kamar zan duba ta, na jefa bayan motata. Ya tashi ya shigo.

Babu doki a wasan shekarar. Malama Opie, wadda ta koya muku karatu kuma take shirya wasannin, ta dube ni, ta dubi babanka, ta ce, “Yawwa, dama doki muke nema.” Kafin Juma'a mata sun ɗinka shi da tsofaffin barguna. Ta sa gwaji sau huɗu a mako, har da ranakun da babu abin gwadawa. Kowace rana akwai mai zuwa ɗauko shi, akwai mai mayar da shi. Ba wanda ya taɓa furta dalili.

Me ya sa ƙafafun baya? Don ba ya son a ga fuskarsa, kuma a can ba sai ya yi magana ba. Makon farko ina jin yana kuka a bayana, bargo ya rufe. Mako na uku ya fara taka mini dunduniya da gangan. Ranar wasan, shi ya ƙirƙiro harbin ƙafar da ya kifar da limamin coci daga kujera. Na ji bel ɗina na girgiza, na ɗauka kukan ne ya dawo. Ashe dariya yake.

Dariyar da ka ji daga zaure kuwa, rabin masu yinta suna share ido. Kai kana can baya, ƙeyarsu kawai ka gani.

Dokin na nan. Tun bayan babanka mutum biyar sun shiga bayansa, kuma ba zan faɗa maka sunan ko ɗaya ba. Bana ma akwai wanda muke so mu saka. Shi ya sa muke son dandamali, ba don mai burodi ba.

Ka zo ko kar ka zo, ruwanka. Babanka ya ƙara shekara ashirin da shida a duniya, ya ga jikokinsa. Ni wannan ya ishe ni.

Len

(Yaya, ni ma yau na fara ji. Ka yi haƙuri da tabon da ke jikin takardar. Glenys)

Adelaide, 27 ga Satumba

Glenys, ƙanwata,

Ina gaishe ki. Na karanta sau uku, na huɗun Bev ce ta karanta mini.

Washegarin wasan, muna cikin mota, Baba ya tambaye ni, “Ka gan ni jiya?” Fuskarsa a sake, rabon da in ga haka an yi shekara. Na ce masa ban je ba. Ya ce, “To, ba komai,” ya ci gaba da tuƙi.

Ina tafe ranar Asabar da katako da kayan aiki. Kada ki shirya mini abinci da rana. Zan fara tsayawa maƙabarta, akwai amsar da zan gyara. Daga nan sai wurin Len. Ki ce masa na gode, sauran zan faɗa masa da bakina.

Naki,
Yaya Warwick