Babin da Aka Mayar Mini

Yaya Mahbuba,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Illela? Ni lafiya lau nan Ingila, ɗakin akwai ɗumi.

Malamata ta mayar mini da babi na biyu na bincikena kan tsofaffin labaran tafiya sararin samaniya. Masu sharhi sun ce matafiyin labaran, wanda ke zaune shi kaɗai cikin kumbo, alama ce ta ɗan Adam na zamani. Ni na rubuta cewa rashin mai gaishe shi ke damunsa. Ta ce in kawo hujja kafin Litinin, ko ta soke babin.

Hujjata ba ta rubutuwa. Kwana ashirin da uku ke nan ba wanda ya ce mini "ina kwana". Don Allah ki turo gaisuwa da murya, cikakkiya, har da gajiya. Kada Inna ta san dalili.

Ƙaninki,
Sufyanu