Baƙin Ruwan da Ya Biyo ta Gaya

Talata, 14 ga Nuwamba, 2023

Ina Wara, bakin tafkin Kainji. Tun damina da aka yanke mana wuta a Gaya, garinmu na tsallaken iyaka, saboda rikicin manya, injin waldana ke lulluɓe da buhu. Mai walda ba wuta, me ya rage masa? Na bar Yasira da ciki, na biyo kogi zuwa nan ina gyaran injinan jirage a bakin tafki. Na ce mata ba ni komawa sai wuta ta koma. Ba taurin kai ba ne, ba ni da abin ciyar da su ne.

Abin haushin, da ruwan da ake yin wutar nake alwala kullum.

Asabar, 2 ga Disamba

Na yi abin kunya. Cindo, mai jirgin fito, ya ɗauke ni in duba wani inji a tsallake. Muna tsakiyar tafki sai ya kashe injinsa. Na ce, "To, har bisa ruwa ma kun iya ɗauke wuta?" Ba wanda ya yi dariya. Fasinjoji duk suka ɗaga hannu suna addu'a, jirgi na tafiya da kansa. Da muka gota Cindo ya ce, "Malam Abdullahi, garinmu na ƙarƙashinka. Kakana na nan kwance, ga masallaci, ga rijiya. Ba mu wuce su da ƙara."

Na leƙa. Ruwa ne kawai, ba iyaka. Gari guda cif, har da kukokinsa.

Lahadi, 3 ga Disamba

Ƙauyen da aka mai da su Cindo lokacin da aka tare kogin har yau bai ga ƙwan lantarki ba. Ban sani ba. Ni dai haushina na nan, amma ba a kansa ba.

Laraba, 10 ga Janairu, 2024

Yasira ta sauka lafiya, mace. Inna ce ta kira. Ina cikin tambayar wa ta ɗauko, wayarsu ta mutu.

Juma'a, 19 ga Janairu

An raɗa mata A'isha ba ni nan.

Yau da safe Cindo ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya miƙo mini. "Ga mutanen gidanku." Na ce ban gane ba. Ya ce tafkin nan sau biyu yake cika. Na damina fari ne, duk laka, nasu ne na nan kusa. Wannan kuwa garau yake, baƙin ruwa suke ce masa, daga can ƙasashen yamma ya taso tun damina yana tafiya a hankali. "Ta Yamai ya biyo, ta ƙofar gidanka ya biyo. Ba mamaki da shi anka wanke ɗiyarka."

Na riƙe ƙwaryar na kasa sha, na kasa zubarwa.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Na je Yelwa sayen kayan gyara wurin Enoch, tsohon ma'aikacin wuta. Na sauke masa duk abin da ke cikina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi yadda ya ji, tun farko musaya ce: ku bar kogi ya sauko, mu aiko muku da wuta. "Ciniki ne, Oga, ba kyauta ba. Ni ma ban ji daɗin yankewar ba, da hannuna na ɗaure wasu wayoyin."

A hanyar dawowa na sauka ƙarƙashin manyan turakun ƙarfen nan na wayar wuta. Waya na kuka a hankali kamar ƙudan zuma. Ruwa ya yi watanni yana saukowa, a juya shi wuta a Kainji, ya koma gida kafin ƙiftawar ido. Shekara nawa ina narka ƙarfe da ruwan da na koyi iyo cikinsa, ban taɓa sani ba. Allah mai iko.

Alhamis, 21 ga Maris

Azumi. Bayan la'asar Yasira ta kira ta bidiyo. Ta juya wayar sama: ƙwai na ci, da rana tsaka ta kunna don in gani. Sannan ta nuna mini A'isha, ta kafe ƙwan da ido ko ƙiftawa ba ta yi. Goshin Inna ne sak. Yasira ta ce, "Maigida, na yaye wa injinka buhu. Saura kai."

Litinin, 25 ga Maris

Cindo ya ƙetarar da ni inda zan samu mota. Ya ce in gaida ruwa, in ce ya yi sauri bana. Na ce su ma su riƙe wayar wutarsu da kyau. Yana ta surutu da wani fasinja har muka kusa wurin da garinsu ya nutse, sai na ga hannuna ya riga nasa kashe injin.

Ƙarar ce ta dame ni. Na dai yi wa kakan nasa Fatiha, tunda an riga an tsaya.