Ƙyallen da ke bakina

Lahadi, 6 ga Yuni, 1915
An kwashe mazan ƙauyenmu, har da mijina Mardiros. Wai aikin hanya. Jandarman da ya zo kwashe su ya ce mu Armeniyawa 'yan koren Rasha ne. Ni ko Barashe ɗaya ban taɓa gani ba.

Litinin, 14 ga Yuni
Yau Markarid, maƙwabciyarmu, ta ce wa surukata, "Haba Turfanda, kwance wa yarinyar nan baki mana. Ana yaƙi, ke kina tsaron al'ada?"
Tun da aka kawo ni gidan nan ƙyalle ke ɗaure a bakina, kamar kowace amarya. Ba na magana gaban iyayen miji sai da hannu, har ranar da uwar miji ta ga dama.
Inna, surukar tawa, ta ce, "Ranar da ɗana ya dawo, a gabansa zan kwance shi. Na riga na yi masa alkawari."
Tsohuwar nan da taurin kai! Shi ya sa nake zuba surutuna a littafin nan.

Alhamis, 1 ga Yuli
Mai shela ya zagaya: kowa ya fita, za a kai mu kudu. Na ɗaure gurasa da busassun 'ya'yan itacen tut. Inna ta kulle ƙofa, ta rataya mabuɗin a wuya. Ta bar wa Mardiros tulun ruwa a zaure.

Lahadi, 4 ga Yuli
Tafiya. Kharpert, babban garin yankinmu, ta ɓace a bayanmu.

Juma'a, 9 ga Yuli
Idanun Inna sun kumbura, rana da ƙura sun gama da su. Ina yi mata alama, ba ta gani. Sai in ja hannun rigarta. Wanda ya zauna a hanya jandarma ba sa barinsa da rai, na gani da idona. Tana tuntuɓe, ina ganin dutsen tun daga nesa, ba damar in ce mata "ɗaga ƙafa". Raina ya ɓaci, wallahi. Da ita, da ni kaina.

Talata, 13 ga Yuli
Mun bi ta wani kwari. Gawawwakin maza a zube, an ɗaure su hannu da hannu. Na gane ɗamarar da na saƙa wa Mardiros, ja da baƙi.
Inna ta ce, "Amarya, warin mene ne wannan?"
Yau kam na gode wa ƙyallen.

Alhamis, 15 ga Yuli
Markarid ma ta gani. Na roƙe ta da hannu kada ta gaya wa Inna. Ta ce, "Ke dai kin iya shiru, ni ban iya ba." Ban sani ba ko ta faɗa.

Asabar, 17 ga Yuli
Da hantsi Inna ta zauna a bakin hanya, ta ƙi tashi. Na ja, na ja. Jandarma na tahowa a kan doki. Sai ta lalubo fuskata, ta kai hannu ƙeyata, ta kwance ƙullin.
"Yi magana, 'yata. Ba na gani."
Na ce, "Tashi, Inna. Akwai dutse a gabanki."
Ta ce, "Ashe haka muryarki take. Kamar ta agwagwa." Ta tashi.
Ba ta tambaye ni zancen Mardiros ba, ni ma ban tayar da shi ba. Ƙyallen na ɗaure mata shi a ido, saboda rana.