Ƙanen Mijina Zai Shafe Gidan da Marigayi Ya Zana

Assalamu alaikum Anti Safara'u. Don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan gaya wa nan kusa ya fahimce ni.

Mijina ya rasu bara, ya bar ni da ɗiya guda. Zanen gine-gine ya karanta, shi ya zana gidan ga da muke ciki a Goronyo. Kafin ya ja layi ko ɗaya sai da ya kwashe bazara shina zuwa filin da tabarmarsa, shina lura da inda rana ke bugawa da inda iskar gulbi ke shigowa. Ya tambaye ni inda nike son murhu da inda zan shanya albasa. Da aka zuba kankare aka cire katako, sai ya ce an gama. Ba filasta, ba fenti. Bango mai kauri ruwan toka, da shatin katako jikinsa, tagogi ƙanana sun shige can ciki. Ya ce salo ne sananne a karatunsu, a bar gini ya nuna abin da aka yi shi da shi. Mutanen unguwa dai bangon dam suke kiran gidan, wai ya yi kama da madatsar ruwan garinmu, har 'yan kabu-kabu masu babur da shi suke kwatance.

Ƙanen mijina Lawwali ɗan kwangila ne a Wurno. Nashi gidan fari tas, gilashi daga ƙasa har sama, a waya ya ga hoton ya miƙa wa magina. Kyau kam akwai, ba zan ɓoye ba. Amma ranar da muka je suna aka ɗauke wuta, duk tsakar gida muka gudo don zafi.

Yanzu ya ce bayan sallah zai turo ma'aikata su shafe gidanmu, su yi farin fenti, su fasa bangon gaba a sa gilashi. Ba mugunta ba ce, Anti, ko hatsin da muke ci shi ke kawowa. Wurin wani ɗaurin aure a Rabah aka gaya mishi ya bar marainiyar wansa cikin kango. Inna, mahaifiyarsu, tana bayansa. Ta ce in ta shigo sai ta ga kamar ɗanta bai ƙare aikinsa ba aka ɗauke shi, sai kuka. Mi zan ce wa uwa? Ga shi su ma suna da gado cikin gidan, ba a kuma raba ba.

Na gwada yi mishi bayani, maganar ta ƙi fita. Ni ba karatun na yi ba. Na ce haka marigayi ya so, sai ya ce Yaya kuɗi suka ƙare mishi, kunya ta sa ya kira abin salo. Tun ranar nike tambayar kaina ko gaskiyarsa. Wanda zai raba gardamar ba ya nan. In na yi shiru za a rufe aikin hannunsa, in na tsaya a ce matar wa ta raina dangin miji. Ban san mi zan yi ba.

Wata baiwar Allah, Goronyo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marainiya.

Ki daina shakka. Kankaren da za a bari a fili ya fi wanda za a rufe bukatar kulawa wajen zubawa, domin babu abin da zai ɓoye kuskure. Salon nan da na gidan Lawwali duk na zamani ne, duk sun guji ado barkatai. Ɗaya yana son santsi da haske, ɗayan yana son kauri da nauyi. Babban bambancin gidajenku shi ne yadda aka faro su: nasa daga hoto, naku daga filin da kuma bukatunki.

Amma kada ki mai da Lawwali abokin gaba. Gori aka yi masa, Inna kuma ɗa ta rasa. Ba kowa ne idonsa ke hutawa a kan bango ruwan toka ba, wannan ba jahilci ba ne.

Ki nemo wani abokin karatun marigayi ya zo ya zagaya gidan tare da Lawwali da tsakar rana. Zai fi jin bayanin daga bakin ɗan sana'a. Shi zai gaya masa haɗarin fasa bangon da wataƙila yake ɗauke da rufi. Kada a taɓa shi sai injiniya ya duba.

Sannan ki sassauta a wani wuri. Ki ba shi zaure da ɗakin da Inna ke sauka ya shafe, ya yi fentin da yake so, ya gyara ƙofar gida yadda mai wucewa zai san akwai mai kula da ku. Ki kuma roƙi wani babba a danginku ya nemi a zauna da malami a raba gado, kowa ya san haƙƙinsa kafin a kawo buhun siminti.

Ba zan yi miki alkawarin za su yarda ba. Idan an fi ƙarfinki, kada ki ɗauka kin ci amanar mijinki. Zumuncin ɗiyarki da dangin mahaifinta shi ma abin tsarewa ne. Allah ya sanyaya zukatanku, ya daidaita tsakaninku.